Ku Tambaya Mu Amsa: Hasken Rana, Sola da Kuɗin Wutar Gida

Wasiƙun da suka taru a wannan fili a 'yan makonnin nan kusan duk a kan abu guda suke, wato tsadar wutar lantarki da yadda magidanci zai samu sauƙinta ta hanyar rana. Mun zaɓi waɗanda suka fi shafar jama'a, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, kuma kamar yadda muka saba, ba mu bayyana sunayen masu tambaya ba.

Tambaya, daga wani magidanci a Kano: Assalamu alaikum, Malam. Tun da aka mayar da layinmu rukunin A, katin da a da yake kai mu ƙarshen wata yanzu ko tsakiyar wata ba ya kaiwa. Na yanke shawarar sa sola, mai haɗawa ya zo ya duba gidan, ya yi mini lissafin da ya fi ƙarfina. Shin akwai yadda zan yi in fara da kaɗan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ya same ka ya samu dubban gidaje, domin a ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a kullum, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225, sannan a watannin da suka biyo baya aka ɗan sassauta shi zuwa wajen naira 209. Janareta kuwa, wanda a da shi ne madogara, sai da lissafi ake tayar da shi tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023. Saboda haka tunaninka na komawa ga rana daidai ne. Inda na saɓa da kai shi ne wurin farawa.

Mai haɗa sola yana yin lissafinsa ne bisa kayan wutar da ya tarar a gida, kuma ba aikinsa ba ne ya ce ka rage su, tunda gwargwadon yawansu gwargwadon cinikinsa. Idan ya shigo ya ga tsofaffin ƙwayayen fitila masu zafi, da fankokin silin na da, da hita, da dutsen guga, zai tara su duka ya ce farantin sola kaza da batir kaza. Abin da ya kamata ka yi kafin ka sake kiransa shi ne ka ɗauki takarda da biro ka zagaya gidan ɗaki ɗaki, ka rubuta kowace na'ura, da wat ɗin da aka buga a jikinta ko a bayanta, da yawan awoyin da take yi a kunne a rana. Yunit ɗaya da mita ke cirewa shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda, don haka idan ka ninka wat da awoyi ka raba da 1,000, ka samu abin da na'urar ke ci a kullum.

Ɗauki gidan da ke da ƙwan fitila goma irin na da, mai wat 60, ana kunna su awa shida a rana. Yunit 3.6 ke nan a kullum, yunit 108 a wata, wanda a farashin rukunin A na 2024 ya haura naira 22,000 a kan fitila kaɗai. Ƙwan LED mai wat 9 haskensa daidai yake da na wancan, kuma guda goma a awoyi iri ɗaya yunit 16 da 'yan kai za su ci a wata, kuɗin da bai kai naira 3,500 ba. Tsohon ƙwan nan kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake mayar da ita, ke nan kana biya a dumama maka ɗaki a watan Afrilu, sannan ka sake biya fanka ta kori zafin.

Sai dai a yawancin gidajen yau ba fitila ce babbar mai ci ba. Duk abin da aikinsa ya yi zafi ne ko ya yi sanyi, shi ke cinye kati. Dutsen guga yana ɗaukar wat 1,000 ko fiye, hitar da ake tsomawa a bokiti ma haka, butar lantarki takan kai 2,000, esi mai ƙarfin doki ɗaya kuma yana tsakanin 750 da 900, ga shi yana kwana a kunne. Tunda mitarka ta kati ce, ka rubuta yunit ɗin da ya rage da safe, ka sake dubawa bayan magariba, ka kuma dubawa da asuba. Idan ka yi haka na mako guda za ka san ko da rana ne gidanka ke shan wuta ko da dare, kuma wannan shi ne abin da zai yanke girman batirin da za ka saya.

Na dage a kan wannan ne saboda hasken rana a gida farashinsa ba ɗaya ba ne. Wanda ya shigo ta taga kyauta ne. Wanda faranti ya mayar wuta aka yi amfani da ita nan take, yana da araha, domin faranti mai kyau yakan yi shekara 25 yana aiki, kuma farashinsa ya faɗi ƙwarai a duniya cikin shekarun nan. Amma wanda aka ajiye a batir don dare shi ne mai tsada, tunda batir ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin haɗawa, kuma shi ne ke fara mutuwa. Duk aikin da ka iya janyowa daga dare ka kawo shi rana, ka rage wa kanka kuɗin batir. Ka sauya ƙwayaye da fankoki tukuna, ka cire hita da dutsen guga daga lissafin, sannan ka kira mai haɗawar, ka ga yadda takardarsa za ta rame.

Tambaya, daga wata uwargida a Zariya: Malam, barka da aiki. Gidanmu sabon gini ne, amma falo da ɗakuna biyu da lungun da ke tsakaninsu sai da fitila ko da tsakar rana. Idan na ɗaga labule zafi da ƙura su shigo, ga maƙwabta da ke iya hango cikin ɗaki daga benensu. Maigidan ya ce ba zai fasa bango ba sai ya tabbata abin zai yi amfani. Mece ce shawararka?

Amsa: Malama, maigidanki yana da gaskiya da ya ƙi gaggawar fasa bango, domin akwai abubuwan da za a gwada kafin a kai ga guduma, kuma mafi araha a cikinsu shi ne fenti. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, alhali fenti mai duhu, irin ruwan ƙasa ko shuɗi mai kauri da ake yayi a faluka yanzu, da ƙyar yake mayar da kashi 20. Ɗaki mai taga ɗaya, idan aka mayar da bangonsa da silin ɗinsa fari, sai ki rantse an ƙara masa taga. Haka nan katangar da ke fuskantar tagar daga waje, idan siminti ne tsurarsa, a shafe ta da farar ƙasa, za ta riƙa turo haske cikin ɗaki ba tare da ranar kanta ta shigo ba. Sai labule. A yawancin gidajenmu mai kauri guda ɗaya ake ratayawa, wanda ko dai a sake shi ɗaki ya yi duhu, ko a ɗaga shi mutum ya zama a fili. A yi shi biyu: fari shara-shara na rana, wanda ke tace haske ya kuma tare idon mai hange, da mai kauri na dare, domin da zarar an kunna fitila a ciki shara-sharan ba ya suturta komai.

Hasken da ke waje ya fi abin da muke bukata nesa ba kusa ba. A ma'aunin haske da ake kira lux, rana tsaka a fili takan kai 100,000, ko a inuwa ana samun wajen 10,000, alhali karatu da aikin hannu na yau da kullum 300 zuwa 500 ya ishe su. Ke nan ɗan kaɗan ake so a shigo da shi, ta inda zafi ba zai biyo shi ba, kuma a nan ne fuskar da taga ke kallo take da muhimmanci. Tagar gabas da ta yamma su ne masu wahala, domin rana a kwance take shiga cikinsu, da hantsi ta gabas, da la'asar ta yamma, kuma ta yamman ce mafi muni tunda tana zuwa ne bayan gini ya riga ya ɗau zafin yini. Tagar kudu da ta arewa kuwa ta samansu rana ke bi. A yankinmu, daga Zariya da ke kan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu har zuwa Sakkwato da ke kan 13, rana tana karkata kudu a mafi yawan shekara, daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Agusta kuma ta ɗan koma arewa, amma da tsakar rana tana can sama sosai, ta yadda 'yar rumfa ko bakin kwano da ya fito rabin mita a saman taga zai tare mafi yawanta, ya bar hasken sarari ya shiga. A watan Disamba da take ƙara sunkuyawa kudu, lokacin sanyi ne, ba wanda zai yi ƙorafi don ta leƙo ɗaki.

Idan har za a fasa bangon, to a fasa shi can sama kusa da silin, a bangon kudu ko na arewa, a sa taga mai faɗi marar tsawo da gilashi mai dishi-dishi wanda ba a gani ta cikinsa. Masu zanen gini sukan ƙiyasta cewa haske yana shiga ɗaki nisan da ya kai kamar ninki biyu na tsayin saman tagar daga daɓe, saboda haka tagar sama ta fi ta ƙasa kai haske ƙurya, kuma idan aka buɗe ta da dare ta nan iska mai zafi da ta taru a sama za ta fita. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Maginan gargajiya na Zazzau da Kano ƙananan tagogi suke bari a sama a jikin bangon soro mai kauri, domin sun san a tsakar gida ake yini, ƙarƙashin rumfa ko inuwar bishiya, inda ake daka da girki da kitso da karatun yara ba tare da fitila ba. Mu ne yanzu muke cinye fili duka da gini, mu rufe tsakar gida da kwano, mu liƙa wa taga baƙin gilashi, sannan mu zo muna mamakin gudun mita.

Lungun da kika ambata shi ne ba shi da bangon waje, kuma hanyarsa biyu ce. Ta farko a cire bulo ɗaya ko biyu a saman ƙofofin ɗakunan a sa gilashi, lungun ya ari haske daga ɗakunan. Ta biyu a sauya falle ɗaya na kwanon rufi da irin mai shigar da haske, a buɗe silin daidai ƙarƙashinsa, a kewaye tsakaninsu da katako mai farin fenti. Sai dai a yi hattara da wannan, domin hasken da ya sauko kai tsaye daga sama da zafinsa yake zuwa, saboda haka ƙarami ya isa, kuma ya fi dacewa da lungu, da banɗaki, da sito, ba ɗakin kwana ba. Mai arahar cikinsa ma rana tana gasa shi ya yi rauni ya fara yoyo.

Ga ɗakin da ba shi da silin, kamar kicin na tsakar gida ko ɗakin ajiya, akwai dabarar da wani makanike ɗan ƙasar Brazil mai suna Alfredo Moser ya fito da ita a shekarar 2002, wadda daga baya ta bazu a unguwannin talakawa na Filifin. Gorar ruwa ta roba ce marar launi ake cikawa da ruwa, a ɗiga mata ɗan bilic don kada gansakuka ta fito, a huda kwano a cusa ta, kashi ɗaya cikin uku a waje, sauran a ciki, a toshe gefen da kyau. Ruwan yana watsa hasken ko'ina a ɗakin, kuma da rana tsaka haskenta yakan kai na tsohon ƙwai mai wat 40 zuwa 60. Dukkan aikin yana wurin toshewar, domin idan aka yi sakaci ruwan farko na damina zai tona asirin mai aikin.

Tambaya, daga wani matashi a Maraɗi: Malam, ina gaisuwa. Ni mai ƙaramin iyali ne, bukatata fitila shida, fanka biyu, talabijin da cajin wayoyi, wataƙila da ƙaramin firji nan gaba. Faranti nawa da batir nawa za su ishe ni? Masu sayarwa kowa da abin da yake faɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, ku a Nijar kun ga amfanin rana a aikace tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya, wadda a wancan lokaci ke ba ƙasar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, ta katse layi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kuma tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ke gefen Yamai, wadda ta fara aiki a wannan shekarar, tana cikin abubuwan da suka rage wa babban birnin duhu. Ilimin ma ba baƙo ba ne a wurinku, tunda Farfesa Abdou Moumouni, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin binciken makamashin rana na ƙasar tun ƙarshen shekarun 1960.

Ga lissafinka. Ƙwan LED shida masu wat 9, awa biyar kowanne, jimla 270. Fanka biyu irin masu aiki da wutar batir kai tsaye, masu wat 30, awa goma, 600. Talabijin mai wat 60, awa huɗu, 240. Wayoyi a ba su 50. Duka ya kama 1,160, wato yunit ɗaya da ɗan ɗori a kullum. A yankin Maraɗi da Damagaram da Katsina ana samun ranar da ƙarfinta ya kai na cikakkiyar awa biyar da rabi zuwa shida a matsakaicin yini, amma zafi da ƙura da waya da caji sukan cinye kusan kashi 30 cikin 100, saboda haka faranti mai wat 400 zai ba ka kimanin yunit ɗaya da rabi. Guda ɗaya ya ishe ka a yanzu, idan firji ya zo, wanda shi kaɗai yakan ci yunit ɗaya ko fiye a yini, sai ka ƙara na biyu, wanda zai kuma rufa maka asiri a kwanakin hadarin Agusta. Daga cikin bukatar nan kusan yunit ɗaya da dare za a sha. Batir na dalma mai lamba 200 a kan bolt 12 yana ɗauke da yunit 2.4, amma rabi kawai ya kamata a riƙa ɗiba, wato 1.2, don haka guda ɗaya ya yi maka daidai wa daida.

Yanzu ka sauya abu ɗaya a lissafin, ka sa fankar silin ta da mai wat 75 a madadin waccan. Fanka biyu sun tashi daga 600 zuwa 1,500, bukatar dare ta kusa ninkawa, ga batir na biyu ya zama dole. Kuɗin sabbin fankoki biyu bai kama ƙafar kuɗin batir ɗaya ba. Idan ma duk kayanka masu aiki da bolt 12 ne, kana iya barin inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta layi, gaba ɗaya, domin ita kanta tana shan wat 20 zuwa 50 muddin tana kunne, ko ba a jona mata komai ba.

A wurin saye ka tafi da tef na awo. Faranti na zamani yana ba da wajen wat 200 zuwa 220 a kowace murabba'in mita, saboda haka idan takardar da ke bayansa ta ce 500 alhali tsawonsa da faɗinsa ba su kai murabba'in mita biyu ba, takardar ce aka sauya. Batir na dalma mai lamba 200 kuma nauyinsa yakan kai kilo 55 zuwa sama, wanda ka ɗaga da hannu ɗaya ba shi ba ne. Araha dai ba ta ado.

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Sakkwato: Malam, na lura solata tana rage ƙarfi a hunturu, haka ma a tsakiyar bazara da rana ta fi zafi, wanda ni a tunanina lokacin ne ya kamata ta fi ƙarfi. Ko an cuce ni ne?

Amsa: Malam, ba lallai ne an cuce ka ba. Faranti da haske yake aiki, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Wat ɗin da aka rubuta a jikinsa an auna shi ne yana kan digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. A Sakkwato a watan Afrilu, da iska kanta ke haura digiri 40, farantin da ke kan kwano yana iya kaiwa 65, wanda ya kama asarar kusan kashi 14 cikin 100. Maganinsa a ɗaga shi daga kwanon kamar tsawon tafin hannu domin iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa, a kuma ɗaure shi da ƙarfe da noti, ba da waya ba, saboda iskar farkon damina.

Na hunturu kuwa biyu ne, hazon da ke sama wanda ba ka da iko a kansa, da ƙurar da ta kwanta a kan gilashin wadda kake da iko a kanta. Ka shafa yatsa a kai, idan ya bar layi, lokacin wanki ya yi, kuma a tsakiyar hunturu hakan yakan zama kowane mako. A wanke da sassafe ko bayan la'asar sakaliya da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, ban da omo, ban da soson ƙarfe, kuma kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashin da rana ta gasa. Farantin ya fuskanci kudu, a jingine shi digiri 10 zuwa 15, wanda ya yi daidai da matsayinmu a doron ƙasa, ya kuma bar ruwan sama ya gangara da dattin. Ka duba inuwa ma, domin ƙananan gidajen da ke cikin farantin a jere aka haɗa su, ta yadda inuwar reshen darbejiya, ko ta tankin ruwa, ko kashin tantabara a kusurwa ɗaya yana iya danne ƙarfin layi guda.

Tambaya, daga wani ma'aikaci a Bauchi: Malam, baturana biyu ba su cika shekara ɗaya da rabi ba sun daina riƙe wuta. Kafin in sake zuba kuɗi ina so in san laifin wa ne, kuma ko in koma litiyam.

Amsa: Ɗan'uwa, zai yiwu tun asali ba su da inganci, amma a mafi yawan gidaje yunwa ce ke kashe batir. Batir kamar randa yake, idan abin da ake ɗiba kullum ya fi abin da ake zubawa, wata rana sai an kai ga gindi. Mutane sukan sayi batura manya su haɗa su da faranti kaɗan, sai batir ya kwana a ƙasa ya yini bai cika ba, kuma batir na dalma da ya jima bai cika ba wani farin gishiri yake taruwa ya daskare a jikin farantan cikinsa, daga nan ba ya komawa yadda yake. Ka duba na'urar da ke kula da caji da misalin ƙarfe biyu na rana, idan a yawancin kwanaki ba ta nuna ya cika ba, faranti kake bukata kafin batir. Na biyu shi ne barinsa har sai inbata ta yi ƙara ta mutu da kanta kowane dare. Na uku zafi, domin duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba rayuwar irin wannan batir kusan gida biyu, saboda haka ajiye shi a ƙarƙashin matakala marar iska ko a ɗakin da ke kallon yamma ganganci ne. Idan mai ruwa ne, a riƙa duba shi ana ƙara masa ruwan batir da aka tace, ba ruwan leda ko na rijiya ba, kuma a bar masa iska, tunda yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji. Kada a haɗa sabo da tsoho, kada kuma a sa na mota, wanda an yi shi ne don ya ba da ƙarfi na daƙiƙoƙi kawai.

Litiyam, musamman irin da ake rubuta wa LiFePO4, ana iya ɗibar kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abin da ke cikinsa, yana kuma jure caji sau dubbai, saboda haka duk da tsadarsa a ranar saye, idan aka raba kuɗin da shekarun da zai yi shi ne mai sauƙi, da sharaɗin inbatarka ta dace da shi kuma mai sayarwa ya ba ka garanti a rubuce. Matattun baturan kuma ka mayar wa dillalan da ke karɓarsu, kada a fasa su a gida ko a bar yara su yi wasa da su. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san dalma ba abin wasa ba ce.

Tambaya, daga wata uwargida a Kaduna: Malam, mai haɗa mana sola ya hana mu guga da jan ruwa da ita. To mene ne amfaninta?

Amsa: Hajiya, abin da yake gudu shi ne a yi su da dare ko a yi su tare. Idan inbatarku ta fi ƙarfin dutsen gugar, kuma farantanku sun kai, ku yi guga tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na rana, lokacin da wutar ke zuwa daga rufi kai tsaye batir bai sani ba, a tara kayan mako a goge su a zama ɗaya. Injin jan ruwa ma a wannan lokaci, amma shi kaɗai, domin a daidai tashinsa yana fizgar ninki uku ko fiye na wutar da yake aiki da ita. Tankin da aka cika da rana ya wadatar da dare. Firiza kuma a jera mata gorunan ruwa su daskare da rana, su riƙe mata sanyi idan an kashe ta da dare, a janye ta daga jikin bango, a nisanta ta da murhu. Ki saka takarda a bakin ƙofarta ki rufe, idan ta zare ba tare da turjiya ba robar ta saki, sanyi na zuba. Tumatir da alayyafo ma ba dole sai firji ba, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta jawo wa Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa lambar yabo ta Rolex a 2000, tana riƙe su kwanaki a lokacin rani. Ruwan wankan yara a hunturu kuma, baƙar jarka a rana tun hantsi ta ɗauke wa hita aiki.

Tambaya, daga wani ɗan haya a Jos: Malam, ina son sa sola, amma mai gida ya hana a huda masa kwano. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ba sai an huda ba. Akwai ƙananan akwatunan sola masu batir a ciki, da fitila uku ko huɗu da wurin cajin waya, wasu har da fanka da talabijin, waɗanda ake shimfiɗa farantinsu a tsakar gida ko a kan katanga da safe a shigar da shi da yamma, kuma ranar tashi ka tafi da abinka. Idan na biyan kaɗan-kaɗan ne, ka tara jimlar abin da za ka biya har ƙarshe ka gwada da farashin kuɗi hannu, ka kuma tambayi abin da zai faru idan ka yi jinkirin biya, domin yawancinsu daga nesa ake kulle su. Tunda Jos ta fi yawancin garuruwan Arewa yawan hadari da damina, ka zaɓi wanda farantinsa ya ɗan fi girma.